Saƙon da na tura wa Baba Iro da safen nan

Baba Iro ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni kuma yadda labarin ya same ni, wallahi kunyar faɗa nake ji.

Da safe na buɗe kafe ɗina a Kazaure, masu rijistar jarrabawa sun cika benci, intanet ta ɗauke. Raina ya ɓaci. Na ɗauki waya na tura masa saƙon murya, ko sallama babu. Na ce, "Baba, tsohuwar kwamfutarka ta sake cin amanata. Na gaji da kayan kyauta. In ba za ka iya ba ka faɗa min in nemi yaran zamani."

Ashe a lokacin ana yi masa wanka.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Iro ma'aikacin layin waya ne tun zamanin arzikin mai. Da ya yi ritaya sai ya koma kan kwamfuta. Lokacin da kuɗin rauta, na'urar raba intanet, ya gagare ni, shi ya ɗauko wata kwamfuta da aka yar, ya sa mata Linux da wata manhaja ta kyauta mai zaɓar wa saƙonni hanya. Da kansa ya hau dutse ya kafa eriya, ya ba ni layi biyu, ɗaya ta cikin gari, ɗaya ta wajen Roni.

Ina tsokanarsa, wai tsoho da farar furfura yana hira da baƙin allo. Sai ya yi dariya ya ce, "Habu, mutanen da suka rubuta manhajar nan ba su san ka ba, suka ba ka. Kai ko shayi ba ka ba ni ba."

Ganinmu na ƙarshe ya zo ya share wa kwamfutar ƙura, yana tari. Ya ƙi zama.

Kafin in gama fushina yau, intanet ta dawo da kanta, ta bi layin Roni. Abin da ya fara buɗewa a gabana shi ne sanarwar jana'izarsa.

Na koma waya da gudu in goge saƙon. An riga an saurara.

Babban ɗansa Sagir ne ya buɗe wayar don sanar da mutane, ya kunna a zaure, gaban 'yan uwa. Da na je gaisuwa na kasa ɗaga kai. Na ce, "Sagir, ku yafe min."

Ya ce, "Kawu, ba komai. Tun yana asibiti ya bar mana sallahu. Ya ce in ka kira kana faɗa, mu ce ka yi haƙuri ka ɗan jira, kwamfutar za ta nemo hanya da kanta."

Mutumin yana kwance yana fama da numfashi, yana tunanin kafe ɗina. Ni kuwa abin da na aika masa ke nan.

Allah Ya jiƙan Baba Iro, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Ku faɗa masa alherin da ni na kasa faɗa da safen nan.