Tsutsar Hanta da Dabinon Jikata

Saratu ta sauka lafiya, mace ce, kuma ni da bakina na tauna mata dabino!

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, murna ce ta sa na tsallake sallama. An daɗe ba a ji ni a nan ba, har wasu sun aiko tambaya ko wayar ce ta lalace. Ba wayar ba ce, mai ita ne. Da yatsa ɗaya nake rubutun nan, iyakar abin da na samo a ajin yaƙi da jahilci da muka shiga da furfurarmu.

Abin ya fara da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Ni mahauci ne, sai na ɗauka saɓar cinyar bijimi ce take karɓar hakkinta. Daga nan abinci ya fita raina, riguna suka yi mini yawa.

A asibiti an ɗebi jini, an shafa mini wani abu mai sanyi aka ɗauki hoton ciki. Wata likita ta nuna mini ƙullutu cike da ruwa a hantata.

Na san shi. Na sha ganin irinsa a hantar raƙumi da ta tunkiya.

Zamanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, in aka feɗe dabba aka ga irin wannan hanta, sai a jefa wa karnuka. Karnukan mahauta kuwa abokanmu ne. Mu shafa kansu, mu zauna a inuwa mu gutsuri gumba da hannun nan, tsoho yana wasa wuƙa yana yi mana barkwanci. Har yau ban sake cin gumba mai daɗin waccan ba. Likitar ta ce daga nan ne: kare ya ci, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya biyo kashinsa ya manne a gashi. Ƙwan yakan yi shekaru a jikin mutum bai ce uffan ba.

Lokacin da aka gano ciwon nan, Saratu, autata, tana da ciki bayan dogon jira. Duk jikan da aka haifa a gidana ni nake tauna dabino in shafa masa a baki. Tsorona biyu ne: kada in rasu ban ga wannan ba, ko in gan shi amma bakina ya zame masa cuta.

Likitar ta ce tsutsar ba ta da baki, ta fatarta take zuƙar suga ta rayu. Ƙwayar da aka ba ni hana ta zuƙa take yi, har yunwa ta kashe ta. Ta ce masana na can suna neman magungunan da za su lalata sinadaran da take sarrafa sugan da su, ba tare da sun taɓa namu ba.

Matata Ige rabin bayanin ta kama. Muna komawa unguwarmu Gawon Nama ta ɓoye suga, zuma da dabino. Shayi lami, kunu lami.

Na ce, "Ige, mi na yi miki?"

Ta ce, "Kai ba ka yi komi ba, Malam. Baƙuwarka nika horo. In suga taka so, ta tai gidan ubanta ta sha."

Da muka koma aka ga na ƙara ramewa, likitar ta yi dariya har da riƙe tebur. "Mama, ko tuwo ya ci suga yake zama a jini. Ki bar wa magani aikinsa, ki ba Baba abinsa."

An yi watanni ana sha ana gwada jini. Daga baya aka soka allura aka zuƙe ruwan. Ranar na ji tsoro, kalmar shahada kawai nake maimaitawa. Bijimin da nake kiwo domin salla shi ya tafi a kuɗin aikin, ban yi da-na-sani ba.

Ranar da hoto ya nuna ƙullutun ya motse ne na cire kunya na yi wa likitar tambayar dabino. Ta ce, "Baba, wannan ba ya tashi daga mutum zuwa mutum. Ka wanke hannu da baki, ka shafa ɗan kaɗan."

Jiya na shafa. Yarinyar ta lashe, ta yamutsa fuska, ta sake buɗe baki. Hawaye suka zubo mini a gaban surukina.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da nas-nas, da Ige, duk da horon da na sha.

'Yan uwana mahauta, hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa a ƙone ko a binne da zurfi, kada kare ya samu. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Ciwon gefen ciki in ya daɗe, a je a ɗauki hoto.

Suna ranar Asabar da hantsi, a gidana. Ku zo ku ga amaryata, ku ga ni ma a tsaye da ƙafata. Rago ni zan feɗe shi.