Fitsarin Isiyaku a Kwalbata

Wata Laraba cikin lokacin tsinkar auduga, shekarar da aka gama madatsar ruwan Rusairis, hakim ya iso makarantarmu a kan jaki da akwati cike da ƙananan kwalabe. Hakim shi ne ma'aikacin lafiyar da ke zagaya ƙauyukan Suki. Aka jera mu a gindin darbejiya, aka ba kowa kwalba mai sunansa, aka ce ya zagaya bayan aji ya kawo fitsari. Ni kuwa akwai abin da na shekara biyu ina ɓoyewa: duk cikin sa'o'ina, ni kaɗai ne fitsarina bai taɓa yin ja ba.

A garinmu a lokacin, jini a ƙarshen fitsari alamar balaga ce. Manya ma da murmushi suke cewa, "Yaro ya fara zama namiji." Abokaina a tur'a suke wuni, wato babbar magudanar ruwa da ke shayar da gonakin auduga, suna ninƙaya suna wanke jakuna. Ni kuwa Inna ta hana ni shiga ruwan saboda yawan tari, aikina ɗiban ruwa a rijiya da kai wa Baba kisra, wato wainar dawa, a gona. Ban san abin da ya raba ni da su ke nan ba. Na sha zoɓo har haƙorana suka mutu, ko Allah zai sa launin ya sauko, amma shiru. Kullum ina bayan rumbu ina shafa haɓa, ina gwada kaurin muryata, ina tsoron haka zan ƙare, ba gemu ba 'ya'ya.

A bayan ajin na roƙi aminina Isiyaku mu yi musayar kwalabe. Isiyaku ba wanda ke kai bayansa ƙasa a kokawa, kunama ma da hannu yake kamawa, amma ya ji labarin allurar da hakim ke yi wa masu jan fitsari, kuma ita kaɗai yake tsoro a duniya. Ya ce, "Wallahi ya zol, mutumina, ka tsirad da ni." Ya cika tawa, na cika tasa.

Washegari da aka kira sunana cikin masu jini, na miƙe ina fankama. Sai hakim ya fara bayani. Ya ce wannan ba balaga ba ce, tsargiya ce: wasu tsutsotsi ne ke huda fata a cikin ruwa, su zauna a ƙananan jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, ƙwansu na yaga nama. In aka bar su, sannu a hankali sai su taɓa ƙoda. Murnata ta koma ciki. Na juya na dubi Isiyaku, wanda aka sallama a kan lafiyarsa ƙalau, ya harare ni.

Makonni na yi ina karɓar allura a jijiyar hannu, ina amai, saboda cutar da ba ni da ita. Kowace safiya ina ƙudurta yau zan faɗa. Amma ina tsoron bulalar ustaz, kuma na fi tsoron dariyar yara.

Damina biyu bayan nan muryata ta fashe don kanta, gemu ya tsiro ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Isiyaku kuwa ya yi ta ramewa, idanunsa suka yi fari, in ya ɗauki buhun auduga ɗaya sai ya zauna yana haki. Daga baya suka ƙaura garin Abu Na'ama. Bai cika talatin ba aka aiko mana cewa ciwon ƙoda ya tafi da shi.

Yanzu jikokina ƙwayoyi kaɗan ake ba su a makaranta, su haɗiye da ruwa su koma wasa, ba wanda ke gudun hakim. In na gan su sai in tuna ranar da na je ta'aziyya, mahaifiyar Isiyaku ta dube ni ta ce, "Ɗana, ikon Allah ne. Ai tun yana yaro hakim ya duba shi, bai ga komai ba." Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ta rasu ban gaya mata ba.