Shaidun Na'ibi Magini

Na'ibi magini ne a Kurayyat, kudancin Jidda, ɗan Hausawan Sudan. Yana da shekara ashirin wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ci guminsa na wata biyar, ya kore shi. Tun daga ranar ya yi rantsuwa: in Allah ya ba shi ma'aikata, ba wanda haƙƙinsa zai kwana a hannunsa.

Allah kuwa ya ba shi mutum tara. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin gini, a dafa shayi, ya kira kowa da sunansa, ya danƙa masa ladansa hannu da hannu, ya ce, "Sannu da aiki." Takarda? Ina! Shi a ganinsa ka ce wa mutum ya sa hannu, ai ka zarge shi ke nan.

Bana wani babban kamfani ya nemi ba shi ginin gidaje goma sha biyu. Manajan, Nawaf, ya ce doka ta tsananta: in ƙaramin ɗan kwangila ya danne albashi, su ma abin zai shafe su. Saboda haka sai ya kawo shaidar cewa yana biyan mutanensa.

Shaida? Wannan ai mai sauƙi ne! Washegari Na'ibi ya kwaso mutanensa tara cikin fararen riguna, har ofis. Ikrama, babbansu, ya ɗaga hannu zai rantse.

"Ya ammi," wato baffana, in ji Nawaf ga Na'ibi cikin ladabi, "wallahi na yarda da kai. Amma takardar banki nake nufi."

Halas, shi ke nan, aiki ya kuɓuce. Filin na nan har yau, ba a aza ko bulo ɗaya ba, domin ƙananan magina irinsa duk an tankaɗe su, manyan kuma aiki ya yi musu yawa. Mutanen Na'ibi suka watse.

Da shekara hamsin da takwas Na'ibi ya koma riƙe cokalin gini a ƙarƙashin wani kamfani. Ƙarshen wata yana kan tsani wayarsa ta yi ƙara: albashi ya shigo, cif-cif, a kan rana. Abin da aka hana shi ke nan yana ɗan shekara ashirin, kuma ya yi hamdala da gaske. Sai dai da ya waiga dama da hagu, ba wanda ya ce masa sannu da aiki.