Audugar Ɗakin Inji

Baba ya sauka Kuala Lumpur da jaka ɗaya, da hotunan ƙirjinsa a cikin ƙatuwar ambulan, da tarin da ya ce ba komai ba ne. A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, ina zaune a unguwar Pantai Dalam, hawa na tara. Yayyena maza ne suka yanke shawarar a turo shi wajena, tunda a ganinsu duk wanda yake ƙasar waje rabin likita ne. Ni kuwa koyar da Larabci nake karantawa.

Tsohon sojan ruwa ne. Ƙuruciyarsa kaf a tashar gyaran jiragen yaƙi ya yi ta, can kudu a bakin teku, a cikin ɗakin inji. Da ya yi ritaya ya dawo Kano da tafiyarsa ta soja, ko masallaci kamar fareti yake zuwa. Amma a zuwan nan nasa, daga ƙofar ɗakina zuwa lif sai ya tsaya ya dafa bango, ya yi kamar yana karanta sanarwar da aka liƙa da yaren Malay. Ban taɓa nuna masa na gane ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ba ya son uwarsa ta gan shi yana haki.

Likitar da muka gani dattijuwa ce, Ba'indiyar ƙasar, mai magana a hankali. Ta daɗe tana duban hotunan, sannan ta ce fatar da ta lulluɓe huhunsa ta yi kauri, kuma ciwon ba mai warkewa ba ne, sai dai a sassauta masa. Ta tambaye shi da Turanci ko ya taɓa aiki da asbestos.

Baba ya gyara zama. "No, madam. I be navy man, I no be carpenter." Ya juyo wajena da Hausa: "Ji mini mata, Uwata. Ta ɗauka silin nake bugawa."

A wajenmu asbesto silin ne, farin allon nan da kafinta ke bugawa a saman ɗaki. Iyakar abin da na sani ke nan, don haka na gyaɗa kai na tabbatar mata Baba ko ƙusa bai taɓa bugawa a rufin gida ba.

Ta ce abin da ya sa ta tambaya, irin wannan ciwo yawanci ƙurar abin ce ke kawo shi, bayan shekaru masu yawa. Ta ce ta ga tsofaffin ma'aikatan jirgi da shi, ta ga har matan da ba su taɓa taka jirgi ba, iyakarsu kakkaɓe kayan aikin mazansu. In aka tabbatar a bakin aiki ya shaƙa, akwai ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa: ko ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji, a nemi haƙƙin wanda ya nakasa a aiki, ko a ɗauki lauya a bi kamfanin da ya kawo kayan. Duka biyun sai da rahotonta, kuma ba za ta rubuta abin da mara lafiya ya musa ba. Ta ba mu mako guda mu dawo. Jinyar mai tsawo ce, na kuma san gidanmu ba zai iya ɗaukarta shi kaɗai ba.

A motar haya na sake yi masa bayanin da Hausa, sai na yi amfani da kalmar diyya. Nan ya murtuke fuska.

"Diyya ai ta wanda aka kashe ce. Ni wa ya kashe ni? Aikin da ya ciyar da ku, ya kai ki har nan, shi zan kai ƙara?"

Baba in ya kafe, gara ka yi gardama da bango. Haushi na ji, ba tausayi ba, har muka isa gida.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su a baranda, yana kallon jirgin ƙasa yana wucewa, yana kushe shayin da nake sayo masa a shagon mamak na ƙasan benenmu, wato masu shayin garin, wai madara ta fi ganye yawa. Yana kushewa yana shanyewa. Wata rana bayan azahar masu gyara suka zo yi wa maƙwabta aikin na'urar sanyaya ɗaki, suna naɗa baƙin soso a jikin bututu. Baba ya leƙa, ya girgiza kai.

"Wannan ai wasan yara ne. Da audugarmu ce, ko wuta aka hura a ƙarƙashinta ba abin da zai same ta."

Na ce wace auduga ce ba ta cin wuta?

Sai labari ya ɓalle. Ya ce a buhu ake kawo ta, fara sol, su kwaɓa da ruwa su shafe bututun tururi da hannu. Wata kuma saƙaƙƙiya ce kamar bargo, su yanka su naɗe. Yaran kudu lagin suke ce mata, su 'yan arewa suka sa mata auduga. In ana ɓamɓare tsohuwa, ɗakin inji yakan yi fari har ba ka ganin na kusa da kai, su fito suna tsokanar juna wai sun yi furfura tun ba su yi aure ba. In sun gaji a kan buhunan suke kishingiɗa. Yana faɗa yana dariya, tari yana katse shi.

Na ɗauki waya na nemo hoton abin da ake naɗe bututun jirgi da shi a zamaninsu, na miƙa masa.

"Ita ce! Ina kika samo ta?"

Na ce ya karanta abin da aka rubuta a ƙasan hoton. Ya nisanta wayar da idonsa, ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Asbestos aka rubuta. Ya ajiye ta a kan cinyarsa. Ban ce masa ai ga shi nan ba, duk da bakina ya yi ƙaiƙayi.

Can ya ce, "To, an ji. Amma maganar ƙara babu ita."

Aka kira la'asar. Na shimfiɗa masa sallaya, ya tsaya a kanta bai tayar da salla ba, yana kallon ƙasa. Ni ma a lokacin abin ya faɗo mini. A ɗakin Umma akwai wata farar sallaya mai kauri, wadda ta girme ni. Baba ne ya yanko ta daga wajen aiki tun suna amarya da ango, Umma ta yi mata baki da atamfa. Abin alfaharin gidanmu ce. Garwashin turaren wuta ya sha faɗawa a kanta ko tabo bai yi ba, a kanta dukanmu muka koyi sujada. Kullum da safe in Umma ta gama shara takan fitar da ita tsakar gida ta kakkaɓe.

Ya idar da salla ya ce in kira masa gida. A Kano hantsi ne. Na sa wayar a amsa-kuwwa.

"Hajiya, farar sallayar nan tana ina?"

"Ga ta a kan igiya, yanzun nan na kakkaɓe ta. Lafiya?"

"Kar ki ƙara kakkaɓe ta. Kar ma ki taɓa. A bar ta nan, kar yara su je wajen."

Umma ta yi dariya. "Ikon Allah. Tun kafin a haifi 'yar da ke riƙe maka wayar nake kakkaɓe ta, sai yau da ka je ƙasar waje? Me likitan ya ce?"

Dariyar ce ta sarƙe ta, ta yi tari. Busasshen tarin nan nata ne da muka saba ji shekara da shekaru, wanda take cewa hayaƙin murhu ne. Muka jira har ya lafa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ofishin likita.

Baba ya ce mata zai sake kira. Ya zauna a kan sallayata, hannuwansa a kan gwiwa, yana numfashi da ƙyar kuma bai damu ya ɓoye mini ba.

"Uwata," ya ce, "in mun koma wajen matar nan, ki gaya mata audugar. Ki gaya mata duka." Ya ɗan tsaya ya huta. "Ki kuma tambaye ta, diyyar nan, ana rubuta mutum biyu?"