Tukwanen da Aka Shafa wa Fenti

A shekarata ta uku ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Kaura Namoda, shugaban makaranta ya kira ni ya ce darasina na ranar Alhamis wasan ƙasa ne. Baƙi suna tafe daga ma'aikatar ilimi. In ba su ga amfaninsa ba, za a mayar da lokacin na kwafar rubutu daga allo.

Aikin namu ba wuya. Ɗalibai sukan sa ƙaramar tukunya cikin babba, su cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, su rufe da buhu. Ruwa ya tsattsafo ta jikin babbar, iska ta kwashe shi tare da zafi, tumatirin da ke ciki ya yi kwanaki garau. Safe da rana nakan auna zafin kowace tukunya in rubuta a littafina.

Ranar Litinin na iske tukwanen suna sheƙi. Mataimakin shugaba ya sa an shafe su da fentin mai domin baƙi.

"Malam, ai yanzu sun yi kyan gani," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ta ina ruwan zai fita?"

"Wa ke son tukunya mai yoyo?"

Na buɗe littafina, na rubuta kwanan wata da abin da ya faru.

Tukunya ɗaya ta tsira. Wata ɗaliba 'yar garin Banga ta hau kanta ta zauna har mai fenti ya gaji. "Ta kakata ce, Malam. Ta ce in ta ga fenti, in nemi wani gidan."

Ranar Alhamis shugabar baƙin ta tura hannu cikin wata tukunya mai fenti, ta fito da tumatir ya yi lugub. Ta tura cikin ta kaka, ta ji sanyi. Ta tambayi dalili.

"Hajiya, wagga tana gumi," in ji yarinyar. "Waɗancan an hana su."

Na buɗe littafi na nuna mata yadda awon ya rabu tun daga Litinin. Ta yaba, ta tambayi wanda ya yi dabarar shafa fenti don a kwatanta. Mataimaki ya ɗaga hannu, ko kunya babu.

An bar mana Alhamis ɗinmu. Amma yadda abin ya faru yana nan a littafina, shafin Litinin, da jan biro.