Kuni da Ramin Ɓawon Yuzu

Shekarun baya, ina zaune a kujerar mai aski, aka ce mini wai Nakahira Kunihiro ba ya zuba ɓawon yuzu, lemun nan namu na Japan mai ƙamshi, da muke kai masa cikin barasarsa, wai binnewa yake yi a wani rami bayan kurmin gora. Na yi dariya har reza ta kusa yanka ni. Mai askin namu ya taɓa rantsuwa ya ga dila yana sayen taba a kanti, don haka na bar zancen a ƙasa tare da gashina.

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, Kunihiro ya rasu a asibitin gari bayan jinyar huhu, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ka tafi a mummunan lokaci, Kuni. Yuzu ya nuna a kan tudu, ga kuma zancen mai aski ya dawo ya same ni.

Na san ka tun kana satar lemun babana. Ka tafi birni, ka dawo da furfura da wata 'yar tukunyar jan ƙarfe, ka ce za ka dafa barasar Turawa da ake kira jin, amma da ƙamshin dutsenmu: ganyen shayi, barkonon sansho, da ɓawon yuzu. A lokacin 'yan kasuwa sun daina sayen namu. Itatuwanmu tsofaffi ne, kakanni suka shuka su daga ƙwaya, dogaye masu ƙaya, lemunsu duk tabo. Matasa sun watse, mu da muka rage mun fara maganar sa wa itatuwan zarto. Sai ka bi mu gida gida da hula a hannu, kamar kai ne mai neman alfarma, kana cewa tukunyarka ba ta son ɓawon lemun kowane icce sai na tsohon icce, kuma a fere shi da hannu, siriri, ban da farin nan na cikin ɓawon.

Muka fito da tsani. Duk kaka, tsofaffin ƙauyen nan suna zaune a rana suna fere lemu, ana gulma, ana gardamar wanda ɓawonsa ya fi. Motarka ta zo ta kwashe kwanduna, ba ka taɓa mayar da na kowa ba. Ranar da ka buɗe kwalbar farko, na shinshina na ce ga iccen bayan gidana nan a ciki.

Ka ce, "Hancinka sai kare, Yaya Shige."

Na ce, "Kare dai ba ya ba ɓarawon lemu bashi."

Tun daga ranar babu baƙon da ban gaya wa iccena yana cikin barasarka ba. Har jikata a Osaka ta ajiye kwalba, tana nuna wa mutane wai iccen kakanta.

Bayan mun dawo daga ƙona gawarka bisa al'adarmu, ɗanka Naoya ya ce in raka shi bayan kurmin gora. Tun kafin mu isa hancina ya ba ni labari. Ramin yana nan, an rufe shi da ƙasa da ganye, ƙamshin kakar bara bai gama fita ba. Ya ce tukunyar ƙarama ce, itatuwa ƙalilan sun ishe ta shekara guda. Ya ce daga kowane kwando kana zaɓar ɓawo ɗaya ka jefa ciki da hannunka, don idan ka ce wa mutum nasa na ciki kada ya zama ka yi ƙarya. Saura kuwa sai rami.

Ya ce, "Baba Shige, in aika mota bana, ko in gaya musu gaskiya? Kai ne babba, abin da ka ce shi zan yi."

Ka ga abin da ka bar mini. Ɓawo ɗaya nake ta yi wa kirari shekara da shekaru, wannan kam zan iya haɗiyewa, tsoho ya saba da kunya. Abin da ya tsaya mini a wuya Masuo ne. Shekaran bara ya faɗo daga tsani yana miƙa hannu ga reshen sama, ƙugunsa ya karye, bai sake takawa ba har ya mutu. Kai ka ɗauke shi a bayanka zuwa mota. Kai ka riƙa zuwa kana juya shi a shimfiɗa, kana sara wa matarsa Tokie itacen wuta. Muna ta yabonka, ba mu san abin da ke cin ka ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa ka saya mana almakashi masu dogon hannu, kana roƙon mu bar na sama wa tsuntsaye, mu kuwa muna cewa ka raina mu.

Ban san yadda zan auna ka ba, Kuni. Ba don kai ba, da an sare itatuwan nan, da rabinmu suna gidan tsofaffi suna kallon bango. Ba don kai ba kuma, da Masuo bai hau tsanin nan ba. Na kwana na tashi ina neman bakin da zan kalli Tokie da shi in ce mijinta ya karye ne saboda abin da aka zuba a rami. In kuwa na yi shiru, gobe wani zai hau.

Buda mai tausayi ya haskaka maka hanya cikin kwanakin nan arba'in da tara na tafiyar mamaci, ya sauƙaƙa maka ƙetare kogin matattu, ya karɓe ka da alherinka da nauyin da ka ɗauka kai kaɗai. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Sachie, wadda ta riƙe sirrin tare da kai, da Naoya, da duk wanda ya taɓa ɗora kwando a motarka. Haƙuri ya sauka a gidanku.

Jiya, bayan addu'ar kwana bakwai, ina saukowa daga matakalar ɗakin ibada aka ja hannun rigata, aka raɗa mini cewa ai Kuni binne ɓawo yake yi.

Na ce, "Tun yaushe aka sani?"

Aka ce, "Tun kaka ta biyu mana, tsohon banza. Mun bi motar ni da maigidana mun gani. Shi ya ce mu rufe baki, kada yaron ya ji kunya ya daina, mu rasa abin da zai tashe mu da safe. Ka ce wa Naoya ya aiko mota, amma na sama a bar wa tsuntsaye. Kuma kada ka gaya masa mun sani."

Wadda ta zo mini da zancen a ƙarshe, da wuƙar fere lemu tana leƙowa daga aljihunta, Tokie ce, matar Masuo.