Giɓin da Baba Mati ya yanka a fanel

Salam jama'a, don Allah ku karanta har ƙarshe. Labarin Baba Mati ne wan babana, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Ƙanƙara, jiya aka yi addu'ar ukunsa kuma ban ji wanda ya faɗi wanga abu ba shi ya sa nake rubutawa.

Shi da babana Nasir shagonsu ɗaya. Da rediyo ta ja baya suka koma gyaran sola, har da akwatin da ke tada famfon bohol. Ƙauyen su kakata Kulu, wadda ta haifi innata, yana can bayan Ketare, bohol ɗin nan shi ne ruwansu kaf, kuma fanel ɗin cikin akwatin, wannan koren fallen mai ƙananan kaya a jiki, duk damina sai tsawa ta ƙona shi. In ya ƙone dole wani ya hau babur ya je ya cire wayoyi ya like sabo da dalma. Babana ke zuwa. Ran nan ya tahi mutanen daji suka tare hanya, gawarsa aka kawo muna.

Baba Mati bai yi kuka gabanmu ba, abin da ya ce kawai, ba wanda zai ƙara hawa hanyar nan saboda waya. To amma in ba a je ba mata su koma ɗibar ruwa rafi, rafin kuma cikin daji yake.

Sai ya samo tsohuwar kwamfuta wajen Mas'ud maƙwabcinmu da ya yi makaranta, ya ce koya mani zanen fanel. Tsoho da gilashi ɗaure da zare wallahi, yatsa ɗaya yake dannawa. Abin da yake so, a gefen fanel ɗin a jera 'yan layuka na ƙarfe kamar haƙora, a akwatin a sa baki, ka tura haƙoran su shige, ba dalma ba waya. Ya zana ya goge ya zana ya goge, in haƙoran sun matsu su taɓa juna, in sun ware bakin ya ƙi kama su. Har dai aka aika zanen kamfani aka bugo fanel ɗin, ya ba direban motar kasuwa akwati da fanel, tunda su dama suna zuwa cikin ayari.

Sai ga wayar Kaka Kulu.

"Mati, abin naka ya yi tusa ya mutu."

"Subhanallahi. Inna ta ina kika sa shi?"

"Ta inda ya shiga mana ɗan nan, ko ta ina ka juya shi shiga yake kamar marar kunya."

Ashe a kife ta tura shi. Mas'ud ya ce Baba a rubuta SAMA a jiki. Baba Mati ya ce wa zai karanta, Inna? Ya ce ba ita ta yi kuskure ba, shi ya bar ƙofa biyu. Ya koma kwamfuta ya yanka giɓi tsakanin haƙoran, ba a tsakiya ba, can gefe, ya sa ɗan tudu cikin bakin, in ka kife shi ko ka yi ƙarfi ba ya shiga. Lokacin ciwon ƙafa ya fara cin shi amma sai da ya ga an bugo an aika musu har da na ajiya.

Jiya Kaka ta zo gaisuwa cikin motar kasuwa. Ta zauna ta yi addu'a, sai ta kwance bakin zane ta fiddo fanel baƙi ƙirin ta aje kan tabarma. Ta ce tsawa ta faɗa musu ranar da Baba Mati ya rasu, ita da hannunta ta zare wannan ta tura sabo, giɓin ya nuna mata hanya, ruwa na zuba har yanzu.

Ba wanda ya hau babur.

Innata ta ɗauki fanel ɗin tana shafa haƙoran. Allah ya jiƙan Baba Mati da babana, ya haɗa su inda babu tsoron hanya. Wanda ya karanta ya ce amin.